Yadda makaranta za ta kula da lafiyar ɗalibanta, jiki da zuciya, daga Satumba zuwa Yuni

Wata safiyar Oktoba, sati biyu da komawa makaranta, na leƙa ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, na tarar da wani yaro durƙushe a gaban allo. Laifinsa barci. Mushen ajin, wato malaminsu, ya ce sau uku yana ta da shi yana sake kifa kai a kan tebur. Da na dafa goshinsa don in ce ya tashi, sai na ji kamar na taɓa murfin tukunyar da ke kan wuta. Kafin azahar gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, har sai da ya kwana a asibiti. Mushen nan mutumin kirki ne, ranar da ƙyar ya iya ci gaba da darasi. Yara sama da saba'in ne a gabansa, kuma ba wanda ya taɓa faɗa masa cewa duba lafiyarsu yana cikin aikinsa. Ni ne darekta, ni ya kamata in faɗa masa, ban kuwa faɗa ba.

Abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da muka gina sannu a hankali bayan wannan rana, ni da malamai da iyayen yara. Na rubuta shi don ƴan'uwana darektoci da malamai, da ƴan kwamitin COGES mai kula da tafiyar da makaranta, da uwaye mata na AME, ƙungiyar uwayen ɗalibai, a cikin garin Damagaram ko a ƙauyukan Mirya, Magarya, Matamaye da Tanut. Na bi shi yadda shekarar karatu take tafiya, don ciwon Oktoba daban yake da na Maris. Kusan duka ana iya farawa da abin da ke hannu.

Mataki na farko: zaman Satumba

Saura sati biyu a buɗe makaranta, ka kira zama. Ka gayyaci shugaban COGES da ma'aji, uwaye mata biyu ko uku, mai unguwa, limamin masallacin da ya fi kusa, da manjo, wato shugaban CSI, ƙaramin asibitin da makarantarka take yankinsa. Manjo aiki yana yi masa yawa. In bai samu zuwa ba, kai ka taka ka same shi, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi ranakun da layi ya fi sauƙi a wurinsa.

Kafin a zauna kan kujeru a zagaya filin makaranta da ƙafa, kowa ya ga abin da damina ta bari da idonsa: ciyawar da ta kai gwiwa inda maciji da kunama ke fakewa, kududdufin da sauro ke ƙyanƙyasa, fasassun kwalabe, masai da ya cika ko ƙofarsa ta ɓalle, bangon da ya tsage. Sannan a dawo a raba aiki, kowane aiki da sunan mutum ɗaya a gabansa. Na halarci zama da yawa da aka tashi a kan "za mu yi in sha Allahu", wata uku bayan nan ciyawar tana nan inda aka bar ta. A rubuta ƙarara: ruwa, wane, masai, wane, akwatin magani, wance, kai yaro asibiti, wane, tare da lambar ɗan kabu-kabun da aka yarda da shi. A manna takardar a bangon ofis.

A wannan zama ake maganar kuɗi. Jinyar kyauta da gwamnati ta fara a 2006 ta yaran da ba su kai shekara 5 ba ce, ɗalibanmu kuwa sun wuce nan. Saboda haka a buɗe ɗan asusun lafiya, ko da dala biyar-biyar ce a wata, don sabulu, kuɗin kabu-kabu da gwajin gaggawa. Sharaɗi biyu ne. Ma'aji ya riƙa karanta lissafi a gaban jama'a duk ƙarshen zango, kuma kada a taɓa korar yaro gida saboda ubansa bai biya ba.

Mataki na biyu: kayen lafiya

Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, ɗaya mai kauri ga kowane aji. Kowane yaro rabin shafi: sunansa, lambar waya biyu, wanda yake zaune a hannunsa, da duk wata lalura da aka san yana da ita, kamar sikila, farfaɗiya, asma ko ƙarancin ji. A rubuta har da ko yana talla kafin ya zo ko bayan an tashi, don yarinyar da ta zagaya Kasuwar Dole da tire a ka tun asuba, hammar da take yi da ƙarfe tara tana da dalili.

Uba ba zai tsaya a layin rajista ya ce ɗansa yana faɗuwa ba, kunya da tsoron gori ba za su bar shi ba. Uwayen AME su ne suka fi iya wannan tambaya, cikin gida, a bakin murhu. Kayen ya zauna a kulle, malamin aji da darekta kaɗai ke buɗe shi. In sirrin yaro ɗaya ya fita, unguwa gaba ɗaya za ta rufe maka baki.

Mataki na uku: ruwa da makewayi

Duk wanda ya zauna Damagaram ya san ruwa a nan da lissafi ake shansa. Garin yana kan dutse, ruwan famfonmu daga wajen gari ake turo shi, daga Gogo da Macaya, Arunguza da Ganaram, kuma in bazara ta kama akwai unguwannin da sai tsakar dare famfo ke tari. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka shimfiɗa wa makarantun jeka-ka-dawo ita ce lita 5 ga kowane mutum a yini, don sha da wanke hannu. Makaranta mai yara 400 ke nan tana bukatar lita 2000, wato bido (jarka) 80 masu lita 25. Na san darektan da ya karanta wannan zai girgiza kai. Ka fara da na sha. Kowane yaro ya zo da gorarsa cike daga gida, makaranta kuma ta ajiye randa ɗaya mai murfi a kowane aji don wanda tasa ta ƙare ko bai da ita. A yi yarjejeniya da ɗan ga-ruwa ɗaya, ana biyansa duk mako daga asusu.

Randar kanta tana iya zama hanyar cuta. In yara saba'in suna tsoma moɗa ɗaya suna kafa kai, murar mutum ɗaya ta zama ta aji. A samu ludayi mai dogon hannu wanda ake ɗiba da shi a zuba wa yaro a gorarsa, a rataye shi a ƙusa, kada ya taɓa ƙasa. A wanke randa duk Litinin. In ruwan rijiya ne ko ba a san asalinsa ba, a sa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs gwargwadon yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha.

Wurin wanke hannu kuwa yara da kansu za su iya haɗa shi. A kafa gwafa biyu, a gitta sanda a kansu, a zura ta cikin hannun bido mai lita 5. A gasa ƙusa a huda bidon ƙasa da murfi kaɗan. A ɗaura igiya daga wuyansa zuwa wata sanda da ke kwance a ƙasa; in yaro ya taka ta, bidon ya karkata, ruwa ya zubo siriri, hannu bai taɓa komai ba. A haƙa ɗan rami a cika da tsakuwa inda ruwan ke sauka. Sabulun a huda shi a rataye da igiya, a kifa masa gwangwani ta sama, in ba haka ba awakin unguwa za su riga yara. Ranar da sabulu ya yanke, toka ta tsaya a madadinsa. Ɗaya a bakin masai, ɗaya kusa da masu sayar da abinci.

A takarda ana son ramin masai ɗaya ga ƴan mata 25, ɗaya ga maza 50 tare da wurin fitsari. Ko ba ka kai nan ba, abu uku suna hannunka: a raba na mata da na maza da tazara, kowace ƙofa ta sami sakata ta ciki, a ajiye buta da ruwa. Shara da wanki a yi su aji-aji, maza da mata duka, kuma kada a mayar da wankin masai horon mai laifi, don yaro zai tashi yana ganin tsabta wulaƙanci ce.

Akwai wani abu da na daɗe ban lura da shi ba sai da wata madam ta nuna mini a rajistar kiran suna. Manyan ƴan matan CM1 da CM2, azuzuwan ƙarshe na firamare, suna ɓacewa kwana uku ko huɗu, kusan lokaci ɗaya kowane wata. Tun daga nan muka ajiye jaka a hannun madam ɗaya da kowa ya sani: audugar mata ko tsabtataccen ƙyalle, sabulu, da zane biyu na ko-ta-kwana. Yarinya ta ce "Madam, ina son ganinki", shi ke nan, babu mushen da zai tambaye ta dalili. Madam ɗin takan zauna da su sau ɗaya a zango, tare da wata uwa daga AME, tun kafin al'adar ta zo wa wasunsu, don kada yarinya ta ga jini ta ɗauka ciwo ne ya kama ta.

Mataki na huɗu: minti biyar na safe

In za ka ɗauki abu ɗaya tak daga wannan rubutu, ka ɗauki wannan. Malami ya tsaya a bakin ƙofa lokacin shiga aji, ya gaisa da kowane yaro da sunansa, yana dubansa. Tafiyarsa, idonsa, leɓensa, ko ya zo da rigar jiya da ta shekaranjiya, ko yana rawar ɗari alhali rana ta fito. Wanda aka ga ba daidai ba a taɓa goshinsa da bayan hannu, a sa masa ma'aunin zafi. In ya kai 38, a kira gida, a kai shi CSI a yi gwajin nan na ɗan yatsa a ranar. Oktoba muna komawa makaranta sauro yana kan ganiyarsa, kuma maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina na ƙananan yara ne, yawancin ɗalibanmu ba sa ciki.

Akwai alamun da ba a jiran uba ya dawo daga kasuwa. Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya ko ciwon kai mai tsanani, jijjiga, rikicewar magana ko barcin da ba a iya ta da yaro, amai ba tsayawa, numfashi da ƙyar, gudawa kamar ruwa, ko ɗan sikila da zazzaɓi ko ciwon ƙirji ya kama. A ɗauke shi nan take, a kira gida a hanya. Jiharmu tana cikin yankin sanƙarau, kuma daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 mun gan shi a Dungas, Magarya, Matamaye, Mirya da cikin gari. A 2023 mashaƙo ya biyo baya, Matamaye ta fi jin jiki. Don haka daga shigar hunturu har faɗuwar ruwa, yaron da ya ce maƙogwaronsa na ciwo a duba wuyansa. In ya kumbura ko an ga wani farin abu ya lulluɓe maƙoshi, a raba shi da sauran yara, a sanar da manjo. A roƙi iyaye kada su kai shi wurin wanzami a ce beli ne. In masu rigakafi suka zo, a buɗe musu ƙofa, a kuma sanar da iyaye tun kwana biyu kafin ranar.

Akwatin magani ba ya bukatar tarkace: sabulu, auduga, bandeji, Bétadine na wanke ciwo, safar hannu, almakashi, ma'aunin zafi, farasitamol da ƙunshin SRO, garin haɗa ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Malami ba ya allura, ba ya saya wa yaro ƙwaya a wurin masu yawo da magani a ka. Haɓo, wanda yake yawa da hunturu, a zaunar da yaro ya sunkuyar da kai gaba, a matse taushin hancinsa minti 10. Ɗaga kai sama yana tura jinin cikin maƙogwaro ne. Ƙuna, wadda jin wutar safiyar sanyi ke jawowa, a zuba mata ruwa mai sanyi har minti 20, kada a shafa man goge baki ko ƙwai. Cizon kare a wanke da ruwa da sabulu minti 15 sannan a tafi asibiti ko da ciwon ƙarami ne. In SRO ya ƙare, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Mataki na biyar: ciki, tsutsa da ido

Makarantar da take da kantin, wato ake dafa wa yara abinci, ta gode Allah ta riƙe amanar hatsin. Wadda ba ta da shi, abincin yaranta yana hannun matan da ke zama a bakin ƙofa da ƙosai, awara, ɗanwake da kwaɗon zogale. Kada a kore su. A zauna da su, a ba su inuwa, a sa sharaɗi: abinci a rufe, ruwan wanke kwano a canza shi, hannun da ya karɓi kuɗi kada ya shiga cikin abinci. Su ma uwaye ne, kuma sun fi kowa sanin yaron da yake tsayawa gefe yana kallo lokacin shan iska. Mu mun shirya da biyu daga cikinsu, suna ba irin waɗannan yara a asirce, asusu yana biya ƙarshen mako. A roƙi iyaye ko ɗumame ne ko koko yaro ya sa a cikinsa kafin ya fito.

Ka ja fatar idon yaro ta ƙasa ka duba, ka duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ga kasala, ga haki in ya yi ɗan gudu, a tura shi a auna jininsa. Sau da yawa tsutsar ciki ko zazzaɓi mai maimaituwa ne. Ka kuma tambayi samarin aji, su kaɗai, wa yake ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. A wasu ƙauyuka an ɗauki wannan alamar balaga, alhali tsargiya ce da ake kwasowa a wankan tafki. Ranar rabon maganinta, wanda ake auna yaro da sandar tsawo kafin a ba shi, dole kowa ya ci abinci tukuna. Shan sa da yunwa yana sa jiri da amai, kuma da yara biyar sun yi amai, jita-jita ta gama unguwa kafin la'asar.

Cikin Nuwamba a gwada ido. In CSI tana da takardar nan mai harafin E a aro ta, yaro ya tsaya nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya. Wanda ya kasa a dawo da shi teburin gaba ranar, a rubuta wa iyaye. Ji kuma, a tsaya bayan yaro a raɗa kalma ya maimaita. Wanda ya zo da kwantsa da majina a fuska ya wanke a wurin bido kafin ya shiga, don ƙuda ne ke yawo da ciwon amodari daga ido zuwa ido.

Mataki na shida: abin da ke cikin rai

Damuwa ba ta hawa ma'aunin zafi, a canjin hali ake ganinta. Mai surutu ya yi tsit. Mai ƙoƙari makinsa ya zube cikin wata ɗaya. Yaro ya fara faɗa ba dalili, ko fitsari ya riƙa kubce masa, ko kullum ciwon ciki alhali asibiti ba a ga komai ba, ko an tashi kowa ya watse shi yana ta jan ƙafa ba ya son komawa gida.

In ka ga haka kada ka tambaye shi a gaban aji. Ka kira shi gindin bishiya, inda ana ganinku ba a jin ku. Mushe ba ya rufe ƙofa shi da yarinya, in da hali ma madam ce za ta yi maganar. Ka zauna, kada ka tsaya a kansa. "Ɗana, kwana biyu na ga ba ka da walwala. Lafiya dai?" Amsar farko kullum ita ce "Ba komai, Mushe." Ka karɓa, ka ce ƙofarka a buɗe take, ka sake komawa bayan kwana biyu. Yaron Bahaushe an horar da shi kada ya kai ƙarar gida waje, sai ya gwada ka sau biyu sau uku kafin ya buɗe baki. In ya fara magana ka yi shiru ka saurara. "Ka yi haƙuri" kalma ce mai kyau, amma in ta zo da wuri tana rufe zancen. Kada kuma ka yi alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba. Ka ce masa ba za ka faɗa ba sai ga wanda zai taimaka, kuma sai ka sanar da shi tukuna.

Abin da za ka ji ya bambanta. Wani rasuwa aka yi masa. A je ta'aziyya da ƴan ajinsu biyu-uku, a sassauta masa aikin gida na ɗan lokaci. Wani iyayensa sun rabu an kai shi wurin kaka, wata uwarta ta tafi Aljeriya neman abinci ta bar mata ƙanne uku. Wata kuma an sa mata rana. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinyar da ke cikin karatu, amma kada ka shiga gidan mutum kana kaɗa takarda. Ka je da uwayen AME da liman, ka gaida uban da girmamawa, "Baba, mun zo neman alfarma ne", ka nuna masa makin ƴarsa. In maganar cin zarafi ce, babu sasantawa a zaure. A kai yarinya ko yaron asibiti kafin awa 72 su cika, don akwai maganin kariya da ba ya aiki bayan nan, a sanar da hukuma da ma'aikatan kare yara. In wanda ake zargi malami ne, sufeto ya ji ranar. Rufa wa abokin aiki asiri a kan wannan cin amanar iyaye ne.

Yaron da ya ce gara ya mutu, ko ya gaji da duniya, kada a ce wasa yake. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kira wanda ya fi yarda da shi a gida, a kawar da maganin ƙwari da na ɓera, a kai shi wurin manjo ya tura shi babban asibitin Damagaram in da bukata.

Ita kanta makaranta tana iya zama tushen damuwar. Na ajiye bulala tuntuni, kuma na roƙi malamaina su ajiye, don na ga yaron da ya san amsa ya kasa furta ta saboda idonsa yana kan dorina. Wanda ya yi laifi a hana shi wasan ƙwallo na yini, ya gyara abin da ya ɓata, a kira uwarsa in ya maimaita. Kalmomi irin su daƙiƙi da jaki sun fi bulala daɗewa a jiki. Haka gorin da yara ke yi wa junansu: ɗan Kara-Kara da ake yi wa gorin unguwarsu, mai in'ina, zabiya, mai ɗingishi. Malami ya tsawata tun ranar farko, don shirunsa izini ne a wurin yara.

Manyan samari kuwa, na CM2 da na CEG, wato ƙaramar sakandare, akwai masu jan su zuwa fadar unguwa da ƴan pale, gungun samarin nan masu tada zaune tsaye, inda tramol da sholisho ke yawo. Jan ido, barci a aji, saurin fushi, kuɗin da ba a san tushensu ba. Korar irin wannan yaro miƙa shi ne ga waɗanda ake gudu. A zauna da ubansa, a ba shi wani nauyi a makaranta, kamar riƙe ƙungiyar ƙwallo ko kula da itatuwa, a sa malami ɗaya ya riƙa bibiyarsa.

Sai faɗuwar ƴan mata, wadda makarantu da yawa a ƙasar nan suka gani: ɗaya ta yanke jiki, kafin a ankara biyar sun bi ta, ana ihu ana cewa iska ce. Ba na jayayya da iyaye a kan addu'a, ni ma ina yi. Amma aikin makaranta a wannan lokaci shi ne a fitar da sauran yara cikin natsuwa, a hana taro da ɗaukar hoto da waya, a raba waɗanda suka faɗi kowacce da madam ko uwa ɗaya a inuwa, a yi mata magana a hankali da sunanta. Babu duka, babu hayaƙi a hanci. In ta dawo hayyacinta a ba ta ruwa, a tambaya ko ta karya, a auna zafinta da jininta a CSI, sannan bayan kwana biyu a zauna a ji abin da ke damunta. Wadda ta fara faɗuwa sau da yawa tana ɗauke da wani nauyi da ba ta sami mai ji ba.

Farfaɗiya daban ce, ciwon ƙwaƙwalwa ne mai magani, kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. A kawar da tebura, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kai, kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a danne shi. In jijjigar ta tsaya a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5 a tafi asibiti. A koya wa ƴan ajin wannan, don su daina gudu su bar ɗan'uwansu a ƙasa.

Darekta kuma ya duba malamansa. Malami ɗan kwantaragin da albashinsa ya makara, mai gidan haya na binsa, ga yara tamanin, shi ma yana bukatar wanda zai ce masa "Mushe, yaya gida?" Mukan zauna shan shayi rabin awa duk ranar Juma'a bayan an tashi, a nan ne ake jin wanda ya kusa gazawa a rage masa kaya.

Mataki na bakwai: zafi da wuta

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40. Motsa jiki da ƙwallo su koma farkon safiya, darasi mai nauyi ma haka. A ba yara damar shan ruwa ba sai sun ɗaga hannu ba. Wanda jiri ya ɗebe a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita; in ya rikice ko fatarsa ta yi zafi ƙwarai, asibiti. In azumi ya faɗo a wannan lokaci a yi magana da iyaye game da ƙananan da ke kwaikwayon manya. Kowane aji ya riƙe dogonyaro biyu yana ba su ruwan wanke hannu.

Makarantar da ke da azuzuwan zana ta tuna da Yamai a Afrilun 2021 da Maraɗi a Nuwamban shekarar, inda gobara ta ci yara aƙalla 20 a kowanne. Kowace runfa ta sami mafita biyu, a bar tazara tsakaninsu, masu tuya su yi nesa, a ajiye bokitin yashi. Ƙananan yara su ne za a ba ajin gini. Sau ɗaya a zango a busa usur a gwada fita, kowane aji ya san bishiyar da zai taru a gindinta, malami ya ƙirga su da rajista.

Cikin Yuni, kafin a ba da hutu, a sake kiran mutanen zaman Satumba. A buɗe kayen lafiya a ƙirga: yara nawa aka kai CSI, wane wata fashi ya fi yawa, su wa suka daina zuwa kuma ina suke. Ma'aji ya karanta lissafinsa. Kowane malami ya zauna da wanda zai karɓi ajinsa, su bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya nuna masa ɗan sikila, da mai zama a gaba saboda ido, da yarinyar da uwarta ba ta dawo ba tukuna. Ranar rabon sakamako a tuna wa iyaye gidan sauro da wankan tafki, a wanke randuna a kife su, a kwance bidunan wanke hannu a kulle a ofis har Satumba.